Kilomita Goman Kansila

Kansila Barau kan ce tun da aka haife shi ba a taɓa cin sa a lissafi ba. Ranar da motarsa ta lalace, sai ya tare Mati ɗan acaɓa ya kai shi ɗaurin aure a Rugar Bawa.

Mati ya ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin hawa ɗari biyar, kowace kilomita kuma naira ɗari."

"Kilomita goma ce, ni na sa aka auna hanyar. Ungo dubu da ɗari biyar. Ka nemi ƙarin ko sisi, in sa a kama babur ɗin."

Mati ya san tafiyar talatin ce, amma ya ce, "Bismillah."

Da mitar babur ta nuna goma cif, ya tsaya a tsakiyar daji. "Mun iso, ranka ya daɗe."

Kansila ya sauka ya duba, daga kuka sai sabara. "Kai, lafiyarka ƙalau? Ai saura kilomita ashirin."

"Ashe talatin ce," in ji Mati, yana goge madubi. "To, ashirin dubu biyu ke nan. Sai ɗari biyar ta hawa, tunda ka riga ka sauka."