Awon Ƙugu Ta Waya

Akwai wani shagon ɗinki a ƙarshen layin kasuwa, mai keken ɗinki takwas, na wa da ƙani. Wan shi ke awo da yanka, shekara talatin, har ana ce masa Almakashi. Ƙanin ya yi karatu, ana kiransa Manaja.

Da mutane suka koma saye ta waya, ciniki ya ja baya. Manaja ya tsorata, ya zo da sabon tsari: a daina awo a shago, kowa ya auna kansa a gida ya turo.

Almakashi ya ce, "Ban ƙi waya ba, a karɓi aiki da ita. Amma awon farko da hannuna, sai ka adana a kwamfutarka. In ka ƙi, a gwada da mutum goma tukuna."

"Yaya, kai ko saƙo ba ka iya buɗewa ba. Zamani ya bar ka."

"Kai ma zare ba ka iya sa wa allura ba, sakarai. Ka taɓa jin mai tumbi ya faɗi gaskiyar ƙugunsa?"

Manaja ya yi tsaki, ya sa aka fitar da teburin awo.

Sai aikin wani otal ya zo, rigar aiki da wando na ma'aikata arba'in. Wannan otal ɗin shi ke riƙe da shagon. Almakashi ya duba awon da aka turo, ransa ya ɓaci. Shugaban masu girki, mutum kamar randa, ya rubuta ƙugunsa inci talatin da biyu.

"Wannan ƙarya ce," in ji Almakashi.

Manaja ya ce, "Yanka abin da ka gani, tsoho!"

Ya cije leɓe, ya yanka.

Ranar gwaji wando ya ƙi wuce cinya, maɓalli na tashi kamar tsakuwa. Babban kaya ana rage shi, ƙarami ba a ƙara masa. Otal ya dawo da kayan duka, ya kai aikinsa wani shago. Aiki ya yi ƙaranci, teloli biyar na shagon suka kama gabansu.

Manaja ya zo jiki a sanyaye. "Yaya, yanzu ya za a yi?"

Almakashi bai ko ɗago kai ba. "Yanzu? Ɗauko ƙyalle ka rufe kekunan nan biyar, kada ƙura ta cinye su."

Darasi: Sabon kayan zamani ba ya maye gurbin shiri. Kafin ka rushe tsohon tsari, ka san amfaninsa, ka tambayi mai aikin, ka gwada da kaɗan. Ku tura wa masu gaggawa.