Kocin da Ya Hana Gola Ɗaga Murya

Akwai wani tsohon ɗan ƙwallo a garinmu na bakin teku, sunansa Pyo Man-sik. Ya buga wa Koriya wasa arba'in da ɗaya a matsayin ɗan baya. In ka manta adadin kada ka damu, zai tuna maka kafin shayinka ya huce.

Da gwiwa ta ƙi, sai aka ba shi horar da ƙungiyar garinmu. Mu kuwa muka yi ta murna kamar marasa wayo.

Duk mun san ƙarami yana rusuna wa babba, ya miƙa masa kofi da hannu biyu, ya kira shi Yaya. Wannan a gida ne da wurin cin abinci. Shi Koci Pyo sai ya kwashe shi kaf ya zuba a cikin fili. Wanda ya girme ka da wata uku, ba ka kiran sunansa tsirara, ba ka ɗaga masa murya, ko da wuta ce ta kama wandonsa.

"Shekara biyu na yi ina wanke safar manyana kafin a san ina da baki," haka yake cewa kullum. Ban san safa tana koyar da ƙwallo ba sai a wurinsa.

Golanmu, Ma Ji-wan, shekararsa ashirin, shi ne ƙarami a cikin sha ɗayan. Kyaftin ɗinmu kuwa, Bang Deok-su, ɗan baya ne mai shekara talatin da biyar.

Wata rana a wurin atisaye aka ɗago ƙwallo sama. Ji-wan ya fito da gudu yana ihu: "Deok-su, kauce! Tawa ce!"

Ya cafe ta tsaf. Kafin ya dire, usur ya tashi.

"Kai, ɗan wa ka kira?" in ji Koci Pyo. "Tare aka yi muku suna?"

"Koci, ƙwallon ce ta..."

"Rufe min baki! Ranar da ya fara buga ƙwallo kana goye da majina a hanci."

Kyaftin Deok-su ya matso. "Koci, ni ban ji haushi ba. Ba ni da ido a ƙeya, gara ya yi min ihu."

"Kai ma ka lalace. Kun mai da min ƙungiya kasuwar kifi."

Ya sa Ji-wan ya rusuna wa kyaftin sau ashirin a gaban kowa. Sannan ya ce in ya ƙara jin muryarsa ta hau kan ta babba, ya tattara safar hannunsa ya koma ƙauyensu noman kabeji. Yaron yana ciyar da uwarsa da wannan albashin, don haka ya haɗiye harshensa.

Daga ranar, layin 'yan bayanmu ya zama kamar gidan makoki. Ƙwallo ta yi ta shiga, ladabi ya yi ta ƙaruwa.

Har aka zo wasan ƙarshe na kaka. Canjaras kawai muke nema mu tsira daga faɗawa rukunin ƙasa. In mun faɗa, kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu zai janye, rabin yaran su rasa aiki. Ina nan a bayan raga da ganguna, har da tsofaffin mata masu sayar da kifi da suka rufe rumfunansu suka zo.

Minti tamanin da takwas, babu ci. Aka ɗago wata ƙwallo marar haɗari, irin wadda kakata za ta kama da hannu ɗaya. Ji-wan ya fito. Deok-su yana ja da baya, idonsa a sama, bai san gola na bayansa ba.

Na ga bakin yaron ya buɗe. Na ga ya saci kallon benci inda Koci yake. Sai ya sassauta murya, mu na bayan raga kaɗai muka ji:

"Yaya Deok-su, don Allah in ba damuwa..."

Kafin ya kai ƙarshen gaisuwar, kyaftin ya sa wa ƙwallon ƙeya. Ta tsallake kan Ji-wan, ta shiga raga a hankali, ita ma cikin ladabi.

Bayan an tashi, 'yan wasa suka jeru a gabanmu suka rusuna kamar yadda aka saba. Ba wanda ya tafa. Wata tsohuwa ta cillo busasshen kifi, ta saita Koci, ta samu mataimakinsa.

A nan gabanmu Koci Pyo ya finciko rigar gola. "Bebe ne kai? Me ya hana ka magana?"

Ji-wan ya haɗa hannuwa, ya rusuna har ƙasa. "Na yi magana, Koci. Yadda ka koya min."

Deok-su ya cire ƙyallen kyaftin daga damtsensa ya jefar a gaban takalmin Koci. "Shekara goma sha huɗu ina wannan ƙungiya," ya ce. "Ka sa yaro ya girmama ni har ya kashe ni. Ka tsinci girmanka, ga shi nan a ƙasa."

Washegari da safe shugaban kulob ya kira Koci Pyo ofis. Pyo ya girme shi da shekara goma sha biyu, don haka mutumin bai yi rashin kunya ba. Ya miƙe tsaye, ya rusuna, ya miƙa masa takardar kora da hannu biyu.

Darasi: Girmama na gaba abu ne mai kyau, amma shugaban da ya rufe bakin na ƙasa da shi ya rufe idon da ke gane masa bayansa. In ƙarami ya hango abin da ba ka gani ba, bar shi ya faɗa da ƙarfi. Ku tura wa shugabannin da kuka sani, musamman wanda kuke tsoron tura wa.