Kawun da Ya Goge Sunan Auta

Akwai wata baiwar Allah, 'yar autar gidansu, kowa Auta yake ce mata. Shekara uku ta yi tana haɗa wata manhaja a tsohuwar kwamfutar da ke ƙara kamar injin niƙa. Ni bokona bai yi nisa ba, amma an ce manhajar ce ke fassara wa kwamfuta yaren da masu haɗa manhajoji ke rubutu da shi.

Da ta gama, ta sake ta kyauta. Sharaɗi ɗaya ta rubuta a takardar lasisi: kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba, amma kada a cire takardar da sunanta.

Sai kawunta mai shagon kwamfuta ya kwafa, ya goge takardar, ya liƙa sunan shagonsa. Ko kunya! Ya aika wa 'yan sa-kai masu tara manhajojin kyauta a rumbu ɗaya, don dubban mutane su sauke da sunansa.

Auta ta same shi a shago, idonta jawur.

"Kawu, ina sunana?"

"Suna? Ke da na yi wa wankan kashi? Sunan ne zai cika miki ciki?"

A gida uwarta ta riƙe mata hannu. "Ki rufa mini asiri, Auta. Yayana ne."

Auta ta haɗiye, ba don zuciyarta ta huce ba.

Ashe 'yan sa-kan nan ba sa karɓar ko layi ɗaya na manhaja sai sun san mai shi da izinin da ya bayar. Suka tambayi Kawu: wa ya rubuta, ina lasisin? Kwana huɗu yana kame-kame. A na biyar sai ga shi tsakar gida, hula a hannu.

"'Yata ta kaina, rubuta musu ki ce kin bar mini."

"Kawu, ai duk duniya na bar wa, har da kai. Abin da aka ba ka kyauta ka bi ta taga ka sata."



Auta ta ja masa kujera gaban kwamfutar. Da yatsa ɗaya, yana gumi, ya mayar da takardar, ya rubuta sunanta harafi-harafi. Sannan 'yan sa-kan suka karɓi manhajar.

Darasi: Kyauta ba ta nufin abu ba shi da mai shi. Iyaye, mu daina danne haƙƙin 'ya'yanmu da sunan zumunci. Ku tura wa 'yan'uwa, ko wani kawun zai ji kunya.