Belbela Ta Hana Yasar Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A da, duk shekara in rani ya kama, dabbobi kan taru su yashe tafkinsu, su kwashe laka don ya riƙe ruwa har damina. Wata shekara Belbela ta dawo daga yawon duniya cikin farar rigarta, ta ce, "Tafki uwa ce. Duk wanda ya taɓa lakarsa ya yi saɓo." Sai aka daina yasa. Kullum kafin a kurɓa, sai an durƙusa an nemi gafarar tafki.

Abin ya ɗaure wa Kunkuru kai, ga shi ba ya iya zuwa ruwa mai nisa. Ya ce, "Malama, shin tafkin nan ne ya halicce mu, ko mu da shi duk halittu ne?"

Ta ce, "Tambayar ma saɓo ce."

Ya ce, "Ni dai kakana ya ce amana aka ba mu. In laka ta cike shi, ina zan sha?"

Ta ce, "Ka cika son kai, Baba."

Kafin damina, tafki ya ƙafe har ya tsattsage. Belbela ta buɗe fikafikai ta nufi wani gari. Kunkuru ya rarrafa tsakiya, ya fara tono.

Gyado ya ce, "Baba, ba saɓo ba ne?"

Kunkuru ya ce, "Sa haurenka mu haƙa. In ruwa ya fito, ma tambaye shi ko ya yi fushi."

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya.