Ludayi Uku na Ja'e

An ce wai a zamanin da, an yi wani alƙali a garin Tudun Gawo, sunansa Malam Zubairu, wanda ba ya yanke hukunci sai ya auna magana.

Wata rana wani makiyayi mai suna Ja'e ya kai ƙarar Iya Tasalla, tsohuwar da ke sayar da kanwar dabbobi a kasuwa. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, guba ta sayar mini. Maƙwabcina Boɗejo ya jiƙa ludayi biyar, shanunsa lafiya lau. Ni ludayi uku kacal na jiƙa, saniya biyu sun mutu, sauran suna zawo. A kore ta daga kasuwa."

Tsohuwa ta ce, "Shekara talatin ina wannan sana'a. Daga buhu guda na auna musu, kuma kowa na faɗa masa: ludayi ɗaya, ruwa tulu huɗu."

Jama'a suka goyi bayan Ja'e, don kowa ya san uku ba ta kai biyar ba. Amma alƙali ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Na ji labarin kanwa, saura na ruwa."

Aka tambayi Boɗejo, ya ce tulu ashirin ya zuba a komin shayar da shanu. Ja'e ya ce rijiyarsa ta ja baya, tulu uku ya samu.

Alƙali ya sauko daga buzunsa, ya ja layi a ƙasa da sanda, kanwa a dama, ruwa a hagu. Ya rubuta ɗaya da huɗu, biyu da takwas, uku da sha biyu, ya ci gaba har biyar da ashirin.

Ya nuna wa Ja'e na ƙarshe, ya ce, "Ga na Boɗejo, daidai yake. Kai kuma ukunka sha biyu take nema, ka ba ta uku."

Ja'e bai gamsu ba. Sai alƙali ya sa aka haɗa irin jiƙon kowannensu a ƙwarya, ya ce wa Ja'e ya ɗanɗana. Na Boɗejo ya wuce masa salin alin. Da ya kurɓi nasa, sai ya tofar, idanunsa suka kawo ruwa. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar, ya ce, "Ashe da hannuna na kashe su."

Alƙali ya ce, "Ba mugunta ka yi ba, rashin sani ne, kuma asararka ta ishe ka horo. Amma ranar kasuwa za ka tsaya gaban rumfar Iya ka wanke sunanta da bakin da ya ɓata shi. Wannan zanen kuma a sassaƙa shi a jikin kominka."

Haka aka yi, kuma Iya Tasalla ta yafe masa.

Shi ya sa masu hankali suke cewa, kada ka tambayi nawa aka zuba, sai ka tambayi cikin nawa aka zuba.