Dawar Luba

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Ringim, ana kiransa Malam Arzika. Matarsa Luba ta rasu ana dab da faɗuwar damina. Bai yi kuka ba. In an kawo abinci ya ci, in an gaishe shi ya amsa, shi ke nan.

Abin da ta bari shi ne ƙwarya guda ta irin dawa, wanda take zaɓa da hannunta duk kaka. Kaf ƙauyen babu mai irinsa.

Da ruwa ya sauka, Malam Arzika ya shuke irin gaba ɗaya, kowane rami ya zuba masa da yawa. Dawa ta fito cunkus.

Maƙwabcinsa Ɗan'inna ya leƙo ya ce, "Malam, a rage ta mana. Gonar nan rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. In suka yi yawa a rami ɗaya, kashe juna za su yi."

"Ta Luba ce. Ko ɗaya ba zan cire ba."

"To, sam min 'yan kaɗan daga bakin gona in dasa."

Malam Arzika bai hana shi ba. Ɗan'inna ya ciri abin da hannunsa ya ɗauka, ya dasa da tazara a gindin gawon gonarsa, bishiyar da ke zubar da ganye da damina, ta bar wa shuka rana da taki.

Tsakiyar damina ruwa ya ɗauke. Dawar Malam Arzika ta yi ta kokawa da juna a kan ɗan danshin da ya rage, ta sirance kamar tsinke, ta bushe ba ta fitar da kai ba. Kullum sai ya je ya tsaya yana kallo, ba ya jin komai, wallahi ko haushi.

Da kaka, sai ga Ɗan'inna da ɗan dami a ka. Ya sauke a ƙofar gida.

"Malam, ga dawar Luba. A ajiye iri."

Malam Arzika ya zaro zangarniya ɗaya, ya jujjuya ta yadda Luba take yi in tana zaɓe. Ranar ya fara yi mata kuka.

Darasi: Ƙanƙame komai ba shi ne ƙauna ba; abin da ka hana wa sarari, kai ne ka kashe shi. Ku tura wa wanda rashi ya rufe masa ido.