Ranar Da Iliassou Ya Naɗe Tabarmar Housseina

Akwai wani mai motocin haya a unguwar Banikanni ta Parakou, sunansa Iliassou. Da tuƙin kamiyo, wato babbar motar kaya, ya fara, yana kwaso doya daga Kolokondé, har Allah ya buɗa masa ya mallaki motoci uku. Mutum ne mai son a gan shi tsaf, kuma babu abin da ya tsana kamar a yi masa dariya.

Yana da ƙanwa mai suna Housseina, shekarunta ashirin da shida. An haife ta da naƙasar ƙwaƙwalwa, fahimtarta ba ta wuce ta yarinya 'yar shekara bakwai ba. Ga ciwon suga da ya kama ta tun da wuri. A Djougou take zaune tare da mahaifiyarsu.

A can akwai wata malamar wasanni da ta yi ritaya, Madam Soumaya, wadda ke tara irin su Housseina a tsakar gidanta sau uku a mako. Su shimfiɗa tabarmi, su miƙe hannuwa, su sunkuya, su ja numfashi a hankali su sake. Yoga take kiran abin. In sun gama su zaga unguwa a ƙafa.

Shekara huɗu Housseina tana zuwa. Ƙibarta ta ragu, suganta ya daidaita, har ta koyi ɗaura zane da kanta.

Da mahaifiyarsu ta rasu, Iliassou ya ɗauko ta ya kawo Parakou. Maganar gaskiya, bai rage ta da abinci ko magani ba.

Wata safiya Housseina ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida, ƙofa kuma a buɗe. Ta tsaya da ƙafa ɗaya tana ƙirga da ƙarfi, ta tangaɗe, ta faɗi, ta tashi ta sake. 'Yan zem, masu haya da babur, da ke jiran fasinja a bakin titi suka kwashe da dariya, ɗayansu ya ɗauke ta a waya.

Kafin azahar hoton ya shiga wayoyin direbobi. A lokacin Iliassou yana neman shugabancin sandikarsu, wato ƙungiyar direbobi. Wani ya rubuta a ƙasan hoton cewa ga ƙanwar shugabanmu na gobe.

Ya dawo gida fuska a murtuke. Ya naɗe tabarmar ya jefa saman rufi. Ya mai da Housseina ɗakin baya, ya saya mata talabijin, ya gargaɗi matarsa Rakiya kada ta kuskura ta bar ta ta fito in ba banɗaki za ta ba.

Kwanakin farko tana bubbuga ƙofa tana cewa, "Yaya, lokacin wasa ya yi." Daga baya ta daina.

Bayan wata biyu Madam Soumaya ta shigo mota takanas daga Djougou. Ta zo da lambar wata mata da ke irin aikinta a Parakou, ta roƙe shi ya riƙa kai Housseina ko da sau ɗaya a mako. Ya amsa mata cewa wannan abu na masu bautar gumaka ne, ba za a yi shi a gidansa ba. Ta ce ita ma musulma ce, ba a yi wa kowa sujada a tsakar gidanta, kuma ya je ya tambayi duk malamin da ya yarda da shi.

Bai tambaya ba, domin shi ma ya san ba addini ne ya dame shi ba.

Da za ta tafi ta tsaya a zaure ta ce, "Malam Iliassou, mai suga irin nata in ta zauna waje ɗaya, ƙwaya kaɗai ba za ta riƙe ta ba. Kuma Housseina ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo. Sai an duba."

Ya ce ya ji, a gaida gida.

Ya ci zaɓen sandika. Aiki ya ƙaru, wani lokacin sai ya yi mako bai leƙa ɗakin baya ba. Housseina tana zaune gaban talabijin daga safe har yamma. Jikinta ya yi nauyi, ƙafafunta suka kumbura, maganarta ta koma e da a'a. Sau biyu Rakiya ta yi masa magana, ya ce kewar Inna ce, za ta wuce.

A wata na tara Rakiya ta ji wani wari a ɗakin. Ta ɗaga zanen Housseina, ta ga miki a tafin ƙafarta ya yi baƙi har ya hau ƙwauri. Babu wanda ya san tun yaushe yake.

A asibiti likita ya ce ciwon ya shiga jini. Aka yanke ƙafar. Iliassou ya zauna kusa da gadonta kwana biyar, yana kiran sunanta, tana kallonsa kamar baƙo. A rana ta shida, da hantsi, ta cika.

Ranar addu'ar uku, ƙofar gidan cike da direbobi, sai ga wata ƙaramar bas ta tsaya. Madam Soumaya ta sauko, abokan wasan Housseina su tara na biye da ita, kowa cikin kayansa masu tsabta. Matan suka shige ciki, mazan suka zauna a tabarma suka ɗaga hannu aka shafa fatiha. Babu direban da ya yi ko murmushi. Wasu ma matsawa suka yi suka ba su wuri.

Cikinsu akwai Bachir, mai shekara talatin da 'yan kai, wanda maganarsa ke fita da ƙyar. Ya matso ya riƙe hannun Iliassou da hannu biyu.

"Kai ne Yaya? Housseina ta ce mana kana da mota babba. Ta ce a Parakou kai za ka dinga kai ta wasa kullum. Ka kai ta?"

Iliassou ya sunkuyar da kai. Bachir bai san ana barin tambaya ta wuce ba, sai ya sake yi.

"Ban kai ta ba," in ji Iliassou.

"Motar ce ta lalace?"

"A'a. Lafiyarta lau."

Bachir ya daɗe yana dubansa, yana ƙoƙarin ganewa. Da ya kasa, sai ya saki hannun ya koma wurinsa.

Iliassou bai ƙarasa wa'adinsa a sandika ba, ya ajiye da kansa. Yanzu kowace Asabar yakan bi gidaje huɗu a Banikanni ya ɗauki masu irin lalurar Housseina ya kai su motsa jiki wajen matar nan da Madam Soumaya ta kawo masa lambarta. Malamar ta sha ce masa ya shigo ya ga yadda suke yi. Har yau bai iya ba. A mota yake zama ya jira su fito.

Darasi: Mai naƙasar ƙwaƙwalwa yana buƙatar motsa jiki, iska da mutane kamar kowa, wani lokacin ma fiye da kowa. Kada tsoron dariyar mutane ya sa ka ɓoye wanda Allah ya ba ka amana. Masu dariya za su manta cikin mako guda, kai kuwa ba za ka manta ba. Ku tura wannan labari gaba, wataƙila ya isa gidan da ake rufe da wata Housseina tun lokaci bai ƙure ba.